Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Daraktan kiwon lafiya na jahar Damagaram kan hawan jinin ido

Zuwa ga Mai girma Daraktan kiwon lafiya na jahar Damagaram, tare da sanar da masu kula da shirin lafiyar ido na ƙasa, da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon Allah ya taya ka riƙon amanar da aka ɗora maka.

Mu wasu ma'aikatan lafiyar ido ne, na cikin birni da na gundumomi, wasunmu na bakin aiki, wasu sun ajiye. Muna magana da yawun mutanen da wannan takarda ba za ta kai hannunsu ba: manomin Dungas, makiyayin Taskar, tsohuwar da ke zaune a Kara-Kara, waɗanda ake riƙo wa sanda zuwa ɗakin duba ido bayan gani ya riga ya tafi. A shekarar 2024 gwamnatin Nijar ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta, kuma mun yi murna da hakan. Sai dai ragin yana amfanar wanda ya tako zuwa asibiti ne. Cutar da ta sa muka ɗauki alƙalami, wato gilakoma, wadda mutane ke kira hawan jinin ido, ba ta kawo mutum asibiti sai ta kusa gama aikinta. Yau a jahar nan aljihun mutum da matsayinsa su ke yanke ko za a gano ta da wuri ko kuwa sai an zo ihu bayan hari.

A yi mana haƙuri mu fara da yadda cutar take, domin duk ƙorafinmu daga nan ya taso. A gaban ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai, wanda ba hawaye ba ne. Ido na samar da shi dare da rana, shi kuma yana fita ta wata 'yar magudana da ke kewaye da gefen baƙin ido daga ciki. Idan magudanar ta fara cushewa sai matsi ya ƙaru a cikin ido. Matsin lafiyayyen ido yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'auni. Idan ya daɗe a sama, jijiyar gani, wadda ke ɗauke da zaruruwa fiye da miliyan ɗaya, sai ta riƙa mutuwa zare bayan zare, kuma wanda ya mutu ya mutu ke nan, babu ɗigo ko tiyatar da ke tashinsa. Akwai ma waɗanda jijiyarsu ke lalacewa alhali matsin bai wuce 21 ba, shi ya sa awon matsi shi kaɗai ba ya wadatarwa, sai an leƙa jijiyar. Irin da ya fi yawa a tsakaninmu ba ya zafi, ba ya sa ido ja, ba ya kawo kwantsa. Daga gefe yake cin gani, ya bar tsakiya sai ƙarshe, ɗaya idon kuma yana rufa wa ɗan'uwansa asiri. Mutum zai karanta allon gwaji har layin ƙasa, a rubuta masa 10/10, alhali ɓarna ta yi nisa, kamar azarar da gara ta cinye ta ciki.

Sunan ma yana ruɗa mutane. Da yawa suna zaton hawan jinin ido reshe ne na hawan jini, don haka wanda aka auna a dantse aka ce jininsa lafiya sai ya ɗauka idonsa ma lafiya, wani kuma ya sha ƙwayar hawan jini ya ce ya yi wa ido magani. Awo biyu ne daban, magani biyu daban.

Ba ƙaramar cuta ba ce a yankinmu. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya samu kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna ɗauke da ita. A cikin masu ita, waɗanda suka san suna da ita ba su kai 6 cikin 100 ba, kuma ɗaya cikin biyar ya riga ya makance. Da aka sake duba alƙaluman, sai aka ga 'yan gidajen da suka fi talauci su suka fi kaiwa ga makanta. Mutanen Daura da Kazaure da Katsina danginmu ne, jini ɗaya, abinci ɗaya, kasuwa ɗaya, ba mu da dalilin zaton iyaka ta raba mu da su a wannan.

Ƙorafinmu na farko shi ne yadda ake gano cutar bisa katari, katarin kuma na masu hali ne. Da mutum ya haura shekara 40, ganin kusa yakan fara yi masa wuya. Malamin makaranta, ko ma'aikacin banki, ko sakataren ma'aikata, aikinsa na kan takarda ne, dole ya nemi tabarau. Zai je wurin mai duba ido, a nan ne za a auna matsi a leƙa jijiya, a kama cutar tana ƙarama. Haka mai ciwon suga da ke zuwa ganin likita duk wata, za a tura shi a duba masa ido. Manomi sa'ansa kuwa, wanda ba ya karatu, raunin ganin kusa ba ya hana shi noma. In ma ya matsu, don zura zare ko duba Alƙur'ani, sai ya shiga Kasuwar Dole ya gwada tabarau a kan tebur har ya samu wanda ya yi masa, ya biya ya tafi. Tabarau ɗin ba laifi ba ne, yana aiki. Abin da ya rasa shi ne awon da ɗan'uwansa ya samu a kan hanya. Shekara goma bayan nan, ɗaya yana ɗiga magani yana tuƙa motarsa, ɗaya yana tuntuɓe da turmi a tsakar gidansa, yana cin karo da kabu-kabun da ya fito masa ta gefe.

Kada a ce rahusa kaɗai za ta gyara wannan. A Ingila, inda ganin likita kyauta ne, wani bincike da aka buga a 2001 ya nuna cewa talakawa su suka fi zuwa da cutar bayan ta yi nisa. Wanda bai ji ciwo ba ba ya barin nemansa ya je neman awo, ko da kyauta ne. Awon ne ya kamata ya same shi inda yake.

Na biyu, inda yake ɗin babu awon. Gidan likitan da talaka ya fi kusa da shi shi ne CSI, wato ƙaramar cibiyar lafiya ta gari ko unguwa, kuma abin da aka saba samu a can bai wuce fitila da man shafawa na tetarasikilin ba, in an yi sa'a da allon gwaji. Allon, kamar yadda muka faɗa, ba ya kama gilakoma sai a ƙarshe. Danna ido da yatsa don jin tauri ba awo ba ne, sai matsi ya yi mugun hawa yatsa ke ji. Don haka mai zargi dole ya zo birni. Daga Mirya wannan abu ne mai sauƙi. Daga Tanut ko Gure tafiyar ta haura kilomita 100, daga Taskar kuwa ba a magana. Kuma ba mutum ɗaya ke tafiya ba, mai raunin gani sai da ɗan rakiya: kuɗin mota na mutum biyu zuwa da dawowa, abinci, wurin kwana in ba su da dangi a Birni ko Zango, ga gona ko garke da aka bari. Tabbatar da cutar ma ba ya ƙarewa a zuwa ɗaya. Ana son a maimaita awon matsi a wani lokaci daban, domin yana hawa yana sauka a cikin yini, a duba magudanar da madubinta, a auna faɗin gani da na'ura. Gwajin faɗin gani kuwa na farko sau da yawa ba ya fita daidai, sai mutum ya saba da danna maɓallin. Mai hali zai dawo sau uku, ko ya wuce Yamai mai nisan kusan kilomita 900, ko ya tsallaka Kano. Talaka zuwa ɗaya ya tara wa kuɗi, wani lokaci sai da ya sayar da akuya. Da damina ba zai bar gona ba, da bazara rumbu ya yi ƙasa, sai bayan kaka yake da ɗan abin motsi. Takardar da aka rubuta masa cewa ya dawo bayan wata ɗaya ba ta san da wannan lissafi ba.

Mata sun fi shiga tsaka mai wuya. Sai da izinin maigida, sai da kuɗinsa, sai an samu mai raka ta da mai riƙe mata yara. Dattijuwar da ta daina haihuwa ta daina zuwa awo, ke nan ta fita daga idon ma'aikatan lafiya daidai shekarun da cutar ke shigowa. Idan ta ce ba ta gani sosai sai a ce tsufa ne.

Na uku, rikita gilakoma da yana. Jama'a sun san yanar ido, sun ga maƙwabci an yi masa aiki yau, gobe an cire bandeji yana ƙirga jikokinsa. Sun kuma ji ana cewa a jira yana ta nuna. To mai gilakoma shi ma sai ya zauna jiran ta nuna, yana sauraron ranar da masu aikin ido kyauta za su zo. Ranar da suka zo, ya bi layi tun asuba, a haska idonsa a ce masa nasa ba na aiki ba ne. Ya koma gida ba takarda, ba bayani, ba wanda ya ce masa ya turo 'yan'uwansa. Wani daga nan sai wurin masu kwantar da yana da tsinke, su taɓa idon da ba yana ce matsalarsa ba, ko a shiga zargin sammu. Alhali fitila kaɗai na ba da haske: yanar da ta makantar da mutum tana mayar da tsakiyar ƙwayar ido fari ko toka-toka, idon da gilakoma ta kashe kuwa tsakiyarsa baƙi ne wuluk kamar lafiyayye, sai dai ba ya tsukewa da kyau in an haska shi. Muna yaba wa ayyukan cire yana da yaƙi da amosanin ido da aka yi a jahar nan, sun ceci dubbai. Amma ana auna nasararsu da yawan idon da aka yi wa aiki, mai gilakoma kuwa ba ya shiga wannan ƙidaya, shi ya sa ba a tanadar masa komai.

Na huɗu, gilakomar da talauci da kansa ke haifarwa. Yara da yawa a nan suna fama da ƙaiƙayin ido mai dawowa duk shekara, wanda ke mayar da farin ido ruwan ƙasa. Uwar da ba ta da kuɗin ganin likita sai ta sayi ɗigo a wurin mai tallar magani. Yawancin ɗigon da ke kwantar da ƙaiƙayi nan take yana ɗauke da deksametazon ko betametazon. Yana aiki kamar yankan wuƙa, don haka ake ta saye wata da watanni. A idon wasu mutane, musamman yara, wannan magani na ɗaga matsi cikin 'yan makonni, kuma in aka daɗe a kai jijiya ta tafi. Yaro ɗan shekara 12 ya rasa gani saboda ƙaiƙayin da da kansa yake raguwa bayan balaga. Mayukan sauya launin fata masu irin wannan sinadari, in ana shafa su kusa da ido, su ma ba su kuɓuta daga wannan zargi ba.

Na biyar shi ne abin da ke biyo bayan ganowa, domin gano cuta ba tare da hanyar riƙe magani ba rabin aiki ne. Ɗigon timolol na kashi 0.5, mai rage matsin ido, ana sa shi safe da yamma a kowane ido, ɗigo 4 a yini, kusan 120 a wata. Kwalbar mililita 5 wata ɗaya take yi, wato kwalba 12 a shekara har ƙarshen rai, in ma hannun tsoho bai yi rawa ya zubar da rabi a kumatu ba. Ba a ba mai asma ko mai jinkirin bugun zuciya, don haka sai an tambaya kafin a rubuta. Latanoprost ya fi shi ƙarfi, sau ɗaya ne da dare, amma ya fi tsada, kuma kafin a buɗe shi firigo yake so, bayan an buɗe kuma kada zafi ya wuce digiri 25. A Damagaram ta watan Afrilu, inda zafi ke haura 40, gida nawa ne ke da wannan? Abin da talaka ke yi sananne ne: ya riƙa tsallake kwana don kwalba ta kai wata biyu, ko ya daina in ta ƙare tunda bai ga ganinsa ya ƙaru ba, ko ya ɗiga ranar zuwa asibiti kaɗai don kada a yi masa faɗa, matsi ya fito daidai, likita ya rubuta cewa komai lafiya. Da azumi kuma da yawa suna ajiye kwalbar wata guda cur, don suna jin ɗacin maganin a maƙogwaro.

Tiyatar buɗe sabuwar magudana ita ta fi dacewa da wanda ba zai iya sayen ɗigo har abada ba, amma shi ne kuma ya fi gudunta. Ba ta dawo da gani, tana tsare abin da ya rage ne, makonnin farko ma gani kan ɗan dushe, kuma tana bukatar dawowa sau da yawa. In ba a zauna an yi wannan bayani ba, mutum zai koma ƙauye ya ce an yi masa aiki bai warke ba, mutum goma su fasa zuwa. A nan dole mu faɗi gaskiya a kan kanmu ma'aikata. Mai babbar riga da ke jin Faransanci yakan samu kujera da bayani da amsar tambayoyinsa. Baƙauye yakan samu takardar magani da ba zai iya karantawa ba. Wanda Barbarci ko Fillanci ko Buzanci ne harshensa, ko Hausar ma ba ta gama isarsa ba. Wannan bambanci ba ya cikin kasafin kuɗi, a hannunmu yake, kuma muna jin nauyinsa.

Sakamakon ba ya tsayawa kan mai cutar. Magidanci ya makance yana da shekara 50, gona ta koma hannun yara, a cire ɗaya daga makaranta ya zama ɗan jagora, wani gidan ya ƙare a bara. 'Ya'yan nan da ƙannensa kuma su ne suka fi kowa haɗarin kamuwa, don cutar tana bin jini.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A sa ma'aunin matsin ido da fitilar leƙa jijiya a kowane asibitin gunduma da manyan CSI, a horar da mutum biyu a kowane wuri don kada canjin wurin aiki ya kashe shirin. Akwai fitila mai cajin rana irin Arclight, mai araha, da ma'aunin hannu irin Schiötz, wanda ke bukatar ɗigon kashe zafi da wankewa bayan kowane mutum, ko iCare, wanda ba ya bukatar ɗigo amma sai an canza tsinkensa. Duk wanda aka zaɓa, a sa kuɗin ɗigo da tsinke da batir da gyara a kasafin shekara tun ranar saye, domin rashin waɗannan da ƙurar hunturu su ke mayar da na'ura kayan ado a cikin kabad.

A ba ma'aikata ƙa'ida a rubuce, shafi ɗaya. Duk mai shekara 40 da ya shigo, ko don me ya zo, a auna shi in bai yi awo cikin shekara biyu ba. A tura shi gaba in matsi ya wuce 21 a awo biyu, ko ramin tsakiyar jijiya ya kai kashi 7 cikin 10 na faɗinta, ko idanun biyu sun bambanta a fili. Matsin da ya kai 30 kada ya wuce mako. Ido ja mai tsananin ciwo da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila, wannan na ranar ne, ba a kwana da shi.

Duk wanda aka tabbatar yana da cutar, a ba shi katin gayyata ga iyayensa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa manya, awonsu ya zama kyauta. Babu hanyar da ta fi wannan arha wajen kama cutar da wuri, kuma ita ce hanyar da za ta kai ga matan gida.

A wajabta wa duk ayarin aikin ido kyauta ya auna matsin kowane babba da ya bi layi, ya bar sunayen waɗanda ake zargi a hannun asibitin gunduma. A kuma tsara fitar ma'aikatan ido zuwa gundumomi a ranakun kasuwa bayan kaka, a haɗa gwaje-gwajen wanda ya zo daga nesa a yini ɗaya.

A tabbatar timolol ba ya yankewa a kantin maganin asibitin gunduma, a ba na nesa na wata uku a lokaci ɗaya, a sauƙaƙa wa marasa hali samun takardar ɗaukar nauyi ba sai sun yi ta zarya tsakanin ofisoshi ba. A koya wa kowa ɗigawa da hannunsa kafin ya fita: ɗigo ɗaya ya isa, a rufe ido, a danne kusurwar da ke jikin hanci minti biyu, a bar minti biyar tsakanin magani biyu. Wannan dannewar tana rage abin da ke gangarawa maƙogwaro. Muna roƙon fada ta tara malamai su yi wa jama'a bayanin hukuncin ɗigo da azumi, mu kuma mu nuna musu yadda za a mayar da shi lokacin sahur da bayan shan ruwa.

A nema wa jahar na'urar leza, mai gyara magudana da haske. A gwajin da aka yi a Moshi ta ƙasar Tanzaniya, wanda aka buga a 2021, bayan shekara ɗaya leza ta riƙe matsi a ido 61 cikin 100, timolol kuwa 31. Aikin mintoci ne, ba yanka, ba kwanciya, kuma ana iya maimaitawa. Ga mutumin Belbeji da ba zai samu kwalba duk wata ba, wannan ba kayan alatu ba ne.

A hana sayar da ɗigo mai deksametazon da danginsa ba tare da takardar likita ba, a kuma samar da maganin ƙaiƙayi marar haɗari a CSI, in ba haka ba uwa za ta koma wurin mai talla. A sanar da ungozomomi da masu rigakafi alamun jaririn da aka haifa da cutar: ido ya fi girma, yana hawaye, yana gudun haske, gabansa ya yi hazo. Iyaye kan yaba irin wannan ido su ce dara-dara ne. Tun 2006 jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ce a ƙasar nan, sai a tabbatar wannan yaro ya isa wurin tiyata cikin makonni.

A ƙarshe, a buɗe rajista a kowane ɗakin duba ido: shekaru, jinsi, gari, sana'a, da matakin da cutar ta kai ranar zuwan farko. Bayan shekara ɗaya za a ga a rubuce su wane ne ke zuwa a makare, kuma daga ina. Muna fatan a fara da gunduma biyu, ɗaya a kudu ɗaya a arewa, a sanar da shirin ta gidajen rediyon karkara da Hausa da sauran harsunan jaha kafin makon gilakoma na duniya da ake yi a watan Maris. Horar da ma'aikatan CSI da rubuta ƙa'idar shafi ɗaya, mun ɗauki nauyinsu in an ba mu izini.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ja zamanin Sarki. Wassalam.

Wasu ma'aikatan lafiyar ido,
Damagaram.